Gezawa Da Dawowa

SHAFI NA 23

Masu tambaya ko na rasu ne, ina nan da raina. Babban yatsana ne ya shiga yajin aiki, don ba a halicci ɗan shekara hamsin da ɗoriya domin rubutu a waya ba. Baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta fice daga zauren, ki koma ki zauna. Ga shi.

*

Karo na huɗu ke nan da Alhaji Falalu ya fita daga gidansa na Nassarawa GRA a kan keke, ya dawo a bayan a-kori-kura.

Akwai wurin zama a gaba. Sagiru mai motar ma ya yi masa tayi har sau biyu. Amma Alhaji ba zai bar keken shi kaɗai a baya yana gwaruwa da ƙarfe ba. Haka ya ratso titin Haɗeja a tsugune, hannu ɗaya a kan sirdi, ɗaya a kan hula, 'yan adaidaita suna leƙen sa.

Malam Ya'u maigadi ya buɗe get. Shekara goma sha tara yana buɗe get ɗin nan, ya san ranar da ake cewa sannu da zuwa da ranar da ake kallon ƙasa. Sai da suka sauke keken, motar ta juya ta tafi, sannan ya yi gyaran murya.

"Yau a ina ya tsaya, ranka ya daɗe?"

"Gunduwawa."

"To alhamdu lillahi, an samu ci gaba. Rannan a Tokarawa ne."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Babu alamar dariya a fuskar dattijon. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Abin da ke cin ran Alhaji shi ne lissafinsa daidai ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin injiniya kafin ya yi ritaya, bai taɓa yin gadar da ta rufta ba. Ƙwayoyin batir ɗari da talatin ya tsinto daga tsofaffin kwamfutoci, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe su da dalma har yatsunsa suka yi bororo. Ya ɗaura injin lantarki a tsakiyar tayar baya, ya sa totur a hannun dama. Ranar gwajin farko a layinsu keken ya kai kilomita arba'in da biyar a awa, har hularsa ta tashi ta faɗa gidan maƙwabci, bai je karɓowa ba har yau.

Gudu dai akwai. Nisa ne babu.

Lissafinsa a takarda ya ce caji ɗaya zai yi kilomita saba'in. Lambun mangwaronsa na Gezawa, zuwa da dawowa, sittin da biyu ne. Keken kuwa ko ashirin bai taɓa cikawa ba.

Kuma ba mangwaron ne ya dame shi ba. Wata takwas ke nan da iyalinsa suka karɓe makullin motarsa suka haɗa shi da direba. Ko aski zai je sai an kai shi, an jira shi, an dawo da shi kamar ɗan aji ɗaya. A gaban 'ya'yansa ya ce wa matarsa, Hajiya Hasiya, ranar da ya je Gezawa ya dawo shi kaɗai a kan keken nan, ranar za ta miƙo masa makullinsa. Ta ce ta yarda. Da sauri ma ta yarda.

Ya tura keken cikin ɗakin maigadi, inda ake yi masa caji tun ranar da ƙarfen dalma ya ƙona teburin cin abinci Hajiya ta kore su daga cikin gida, shi da keken. Ya ɗaga murfin jakar fatar da batirin ke ciki, ya soka bakin caja, ya mayar da murfin. Fitilar caja ta kawo ja.

"Awa bakwai," ya ce. "Kada kowa ya taɓa."

"In sha Allahu," in ji Malam Ya'u.

*

Bayan sallar la'asar al'adarsa ce ya zauna a majalisar ƙofar masallaci har magariba. Yau bai zauna ba. Ya san an gan shi a bayan mota, ya kuma san bakin abokansa. Sai ya yanke shawarar komawa ya farke batirin karo na uku, ko zai kama ƙwayar da ke cin amanarsa.

Ya shiga ɗakin maigadi da sukundireba a hannu.

Ya tsaya.

Fitilar caja koriya ce shar.

Ya duba agogonsa. Awa biyu da minti goma. Ya sake duba fitilar. Koriya dai, irin wadda yake tararwa kowace safiya ya ce bismilla ya hau.

Ya zaro mitar gwaji daga aljihu, wadda ya daina amfani da ita tun da ya gama haɗa batirin, don a ganinsa mai fitila ba ya buƙatar mita. Ya ɗora wayoyinta. Cikakken batir hamsin da huɗu yake nunawa.

Mita ta ce arba'in da huɗu.

Ya ɗaga murfin jaka a hankali.

Bakin cajar yana nan a raminsa, amma an ja shi baya kaɗan, kamar faɗin farce. Ba ya taɓa komai. Alhaji ya tura shi da ɗan yatsa. Fitila ta koma ja. Ya ja shi baya. Koriya. Ya tura. Ja.

Ashe caja ba ta san bambancin batirin da ya ƙoshi da batirin da ba ya nan ba. Duka biyun kore take nunawa. Wannan abu ne da ya sani tun yana saurayi. Mako uku yana zargin ƙwayoyi ɗari da talatin, bai taɓa ɗaga murfi da safe ya duba ba. Fizge wayar kawai yake yi ya hau.

"Malam Ya'u."

Dattijon yana bakin ƙofa da buta a hannu. Ya ajiye ta.

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ɓera ne ya ja wannan?"

"Babu ɓera a ɗakin nan, ranka ya daɗe. Na sa magani."

"Iska ce?"

"Tagar a rufe take."

"To wane ne?"

Malam Ya'u ya tsuguna, ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar amsar na ciki, ya mayar.

"Ni ne."

Alhaji ya zauna a bakin gadon maigadi.

"Tun yaushe?"

"Tun fitar farko."

"Kai ne na tsaya a gabanka ina cewa batirin nan ya fi ƙarfina. Kai ne ka ce mini in yi haƙuri, kayan zamani sai addu'a."

"Na faɗa."

"Har ka ba ni shawara in sa a yi masa tofi."

"Tofi ba ya ɓaci, ranka ya daɗe."

"Malam Ya'u, me na yi maka?"

"Alheri. Kai ka kai ni Makka."

"To don me?"

Dattijon ya gyara tsuguno. Can ya ce, "Kai ka ce in bar shi a jone. Aka kuma ce in zare."

"Wa ya ce?"

"Ni dai ɗan aike ne."

"Wa ya ce ka zare?"

"Ranka ya daɗe, gidan nan mutum nawa ne ke iya sa ni abu?"

Alhaji ya rufe ido.

"Ce mini aka yi in zare gaba ɗaya da zarar ka ba da baya," Malam Ya'u ya ci gaba. "Na ga in na yi haka na ci amanarka. In na bar shi kuma na saɓa mata. Tuwonta nake ci, inuwarka nake zaune. Sai na raba. Daga azahar zuwa la'asar naka ne. Daga la'asar zuwa safe nata."

"Ka raba."

"Na yi iya adalcina. Jiya ma na ƙara maka rabin awa, shi ya sa ka kai Gunduwawa."

Alhaji ya nemi kalmar da za a faɗa wa mutumin da ya cuce ka bisa adalci, bai samu ba.

"Shi kuma Sagiru mai a-kori-kura?" ya ce a hankali. "Wanda duk inda keken ya mutu sai ga shi ya ɓullo, motarsa babu kaya? Wanda na tsaya a majalisa ina ba da misali da shi cewa har yanzu akwai mutanen kirki a ƙasar nan?"

"Mijin 'yar ƙanwata ne. Daga Ringim."

"Bin bayana yake yi."

"Daga nesa, ranka ya daɗe. An ce kada ya matse ka."

*

Hajiya Hasiya tana falonta, ta baje tire a cinya tana tsinke zogale. Shekara ashirin ta yi tana shugabar makarantar 'yammata, ta san takun mai kawo ƙara tun daga nesa. Ba ta ɗago ba.

Alhaji ya ajiye cajar a kan tiren, a tsakiyar zogalen.

"Wannan ba a sa shi a kwaɗo," ta ce.

"Hajiya, na san komai."

"Ma sha Allah. Ka zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To ka tsaya."

Ya zauna.

"Mako uku," ya ce. "Sau biyu ina farke batirin nan. Na zubar da ƙwaya goma sha ɗaya da ba su ji ba ba su gani ba. Na tura keke mai nauyin buhun siminti daga Yankaba har gidan mai, da rana tsaka, yara suna ce mini Baba a kawo fetur ne. Ke kuma kina nan kina tambayata, Alhaji ya hanya."

"Ai tambaya ce ta arziki."

"Kin sa maigadina ya yi mini zagon ƙasa."

"Rabin zagon ƙasa. Yanzu nake jin labari ashe ko umarnin nawa bai cika ba."

"Dariya ce abin?"

"Ka ga ina dariya?"

Ba ta yi. Ta ɗauke cajar daga cikin zogalen, ta kakkaɓe ta, ta ajiye a gefe.

"Alkawari muka yi da ke," ya ce. "A gaban Muhibba da ƙannenta. Ke kika ce kin yarda."

"Na ce."

"Da kin san ba ki yarda ba, me ya hana ki faɗa?"

"Abban Muhibba, shekara talatin da huɗu muna tare. Yaushe na taɓa ce maka kada ka yi abu ka fasa? Ranar da na ce kada ka hau rufin gida gyaran tanki, da tsani biyu ka dawo."

"Wannan daban."

"Na ɗauka in keken ya kunyata ka sau ɗaya, sau biyu, za ka jingine shi a bayan gareji kusa da injin ƙyanƙyasar ƙwai da famfon iska. Ban san wannan karon zuciyar taka ta yi tsatsa a wuri ɗaya ba."

"Saboda wannan ba wasa ba ne." Muryarsa ta sauka. "Hajiya, ni ba yaro ba ne. Yaron nan direba ko goro na tsaya saya sai ya kira ki ya faɗa miki. Abokaina in za su gayyace ni ɗaurin aure sai su ce, in an ba ka mota. In an ba ni. Motar da na saya. Duk saboda na goga ginshiƙin get sau ɗaya."

"Gogawa."

"Birki ne ya shanye. Na faɗa muku tun ranar."

"Ka faɗa."

"To?"

Hajiya ta sauke tiren ƙasa. Ta goge hannunta da gefen zani, yatsa bayan yatsa, kamar mai jan lokaci.

"Makaniki uku suka duba birkin nan," ta ce. "Na ukun ma daga Kaduna Muhibba ta sa aka kawo shi. Lafiyarsa ƙalau."

"Ba su san aikinsu ba."

"Ina cikin motar, Alhaji."

"Na san kina ciki."

"Ba ka sani ba. Daga ta'aziyya muke a Giginyu. Kana ba ni labarin mamacin, yadda kuka yi makaranta tare. Muna shan kwanar layinmu sai ka yi shiru a tsakiyar magana. Na juyo. Hannayenka sun sauka daga sitiyari suna kan cinyarka. Idonka a buɗe, amma ba ka cikinsa."

Alhaji bai motsa ba.

"Na ce Alhaji. Na ce Abban Muhibba. Ba ka amsa ba. Motar tana tafiya. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kiran sunanka ba, ka sani. Ranar na kira shi. Sau uku, da ƙarfi, har Ya'u ya ji daga get. Ni na murɗe sitiyarin. Da ban murɗe ba, ba ginshiƙi za mu daka ba. Ya'u ne a tsaye a wurin."

Fankar sama tana juyawa. Wani ganyen zogale ya tashi daga tire ya sauka a kan takalmin Alhaji. Ya zuba masa ido.

"Ban tuna ba," ya ce.

"Na sani. Ka farfaɗo kana zagin birki. Ka fito kana dukan taya da ƙafa, kana nuna wa Ya'u inda man birkin ya zuba, shi kuma yana cewa haka ne ranka ya daɗe, alhali ƙasa a bushe take."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na zo zan faɗa. Na tarar da kai a nan, a kujerar nan, kana zana mini hoton birki a bayan ambulan, kana yi mini bayani. Na ga kai ma tsoron kake ji, birkin ne kawai abin da ka samu ka riƙe. Sai na kasa ƙwace maka shi."

"Muhibba ta sani?"

"Likita ce. Ita ta fara sani. Sau nawa ta ce ka zo a yi maka hoton kai da gwajin zuciya? Ka ce asibiti wurin marasa aikin yi ne. Ka ce in tana neman wanda za ta koyi aiki a kansa ta nemi mijinta."

Ya faɗi haka. Har dariya aka yi ranar.

Alhaji ya tashi ya je bakin taga. Daga nan ana hango ɗakin maigadi, da bayan keken da ya leƙo ta ƙofa, jakar fatar a buɗe. Wata uku na ransa. Ya ji haushin kowa: haushin Hajiya, haushin Ya'u, haushin Sagiru da motarsa marar kaya, haushin fitilar da ba ta san komai ba sai kore. Ya nemi inda zai ajiye haushin kansa, ya ga wurin ya cika.

Ya juyo.

"To na ji," ya ce. "A ce haka ne. Ranar ban karya ba, ga rana, ga mutuwar aboki. Kowa yana iya jin jiri. Sau ɗaya ne, Hajiya. Sau ɗaya a wata takwas."

Ya nuna taga da hannu, wajen da keken yake.

"Mako uku ina hawan keken nan. Na ratsa Yankaba da safe, cikin manyan motoci. Ko tangaɗi ban taɓa yi ba. Wannan ba hujja ba ce? Gobe zan cika batirin nan da hannuna, in kwana da shi a ɗakina in ta kama. Jibi in je Gezawa in dawo. Alkawari alkawari ne. Ki tanadi makullina."

"Alhaji."

"Na gama magana."

Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta je ƙofar falo ta leƙa.

"Malam Ya'u. Zo."

Dattijon ya zo, ya cire takalmi a waje, ya tsuguna a bakin ƙofa bai shigo ba. Idonsa a kan tayil.

"Faɗa wa Alhaji abin da ya faru ranar Talata a bakin get, da ya dawo daga zagaya layi."

"Me ya faru ranar Talata?" in ji Alhaji. "Na dawo, na sauka, na zauna a bencinka na sha ruwa. Shi ke nan."

"Wa ya sauke ka?" Hajiya ta tambaya.

Alhaji ya buɗe baki.

Ya tuna get ɗin yana matsowa. Ya tuna benci, da kofin silba a hannunsa, da ruwa a gaban rigarsa. Ya nemi abin da ke tsakani.

Babu.

"Malam Ya'u," Hajiya ta ce, "yi magana."

Dattijon ya ɗago kai. Bai dubi Alhaji ba, ita ya duba.

"Hajiya, wace Talatar? Wadda na faɗa miki, ko ta jiya?"